Agustin na Hippo: Mutumin da Ya Daɗe Bai Girma Ba



Wata ranar Lahadi da yamma, bayan an tashi daga zumunta, wani ɗan'uwa ya tsaya yana taya ni tattara kujeru. Sai ya ce, "Baba Fasto, shekarata ashirin da tara. Na gama bautar ƙasa, ba aiki, ba aure, har yanzu a ɗakin da na tashi nake kwana. Yaushe ne mutum yake sanin ya girma?" Na ba shi aya biyu, na yi masa addu'a, ya ce amin ya tafi. Da na koma gida maganar ta hana ni barci, domin na san amsata ba ta kai ba. Ni kaina na haura arba'in, furfura ta fara leƙowa, amma akwai ranakun da nake jin kamar aron rigar babba na yi. A daren nan na ɗauko wani littafi da na karanta a kwalejin tauhidi don jarrabawa kawai, littafin Agustin da ake kira Confessiones da Latin. Kalmar tana nufin furci, furta zunubi da furta yabon Allah a haɗe. Ya fara rubuta shi wajen shekara ta 397, yana ɗan arba'in da uku. Tsarana ne ke nan. Tarihinsa nake so in ba ku yau.

An haifi Agustin ran 13 ga Nuwamba, 354, a Tagaste, wani ƙaramin gari a arewacin Afirka. Yau ana kiran wurin Souk Ahras, a ƙasar Aljeriya. A lokacin yankin yana ƙarƙashin mulkin Romawa. Mahaifinsa Patrisiyus yana da 'yan gonaki, yana cikin majalisar gari, amma ba mai kuɗi ba ne, kuma ba mai bi ba ne sai dab da mutuwarsa. Mahaifiyarsa Monika Kirista ce. Abu ɗaya iyayen suka yarda a kai: yaron yana da kai, dole ya yi karatu ya fitar da gidan. Aka tura shi makaranta a garin Madaura. Yana shekara goma sha shida kuɗi ya yanke, aka dawo da shi gida, ya yi shekara guda cur yana zaman jira. Duk wanda yajin aikin jami'a ya taɓa zaunarwa a gida ya san irin wannan shekara.

A cikinta ne ya yi satar da ta shiga tarihi. Da dare shi da abokansa suka girgiza itacen fiya na maƙwabci, suka kwashi 'ya'yan da yawa, suka ɗan ɗanɗana, suka watsa wa aladu sauran. Sa'ad da muke ɗalibai mun yi dariyar wannan wuri, muna cewa bishop guda ya ɓata shafuka a kan satar da kowane yaro ya yi a lambun mangwaro. Yanzu na daina dariya. Tambayar da ya yi wa kansa ita ce, me ya sa? Ba yunwa yake ji ba, a gidansu akwai waɗanda suka fi waɗannan kyau. Ya gano abu biyu. Na ɗaya, ya ji daɗin laifin ne don laifi ne. Na biyu, da shi kaɗai ne da bai yi ba, kunyar abokai ce ta ja shi, kada a ce shi ne matsoraci. Mutum mai shekara arba'in da uku ya zauna yana tuhumar yaron da ya kasance, bai ce ƙuruciya ce ba, bai ce shaiɗan ne ba.

Da taimakon wani attajirin garinsu mai suna Romaniyanus ya tafi Kartaj, babban birnin yankin, kusa da Tunis ta yau. Yana wajen shekara goma sha bakwai. Can ya ɗauki wata mace suka zauna ba aure, ta haifa masa ɗa wajen 372, suka sa masa suna Adeodatus, wato Kyautar Allah. Abin da yake karantawa shi ne balaga, ilimin iya magana a gaban alƙali da gaban taro, wanda a zamanin shi ne tsanin hawa muƙami. Ku lura, a Hausa kalmar nan tana da fuska biyu. Agustin ya ƙware a balaga ta baki tun yana saurayi, balagar zuciya kuwa ta daɗe ba ta zo ba.

Yana ɗan sha tara ya karanta wani littafin Sisero mai suna Hortensius, wanda ya ɓata yanzu sai gutsattsari. Littafin ya sa masa ƙishin hikima. Ya buɗe Littafi Mai Tsarki ya ga ko zai same ta, sai ya raina shi, domin fassarar Latin ta lokacin ba ta da ƙawa idan aka gwada da Sisero. Daga nan ya faɗa hannun mabiyan Mani, wani malami daga ƙasar Farisa da ya rayu a ƙarni na uku. Suna koyar da cewa haske da duhu ikoki biyu ne da suke yaƙi tun fil azal, kuma muguntar da mutum yake yi aikin duhun da ke cikinsa ne. Ga saurayi mai kaifin tunani da lamiri mai nauyi, wannan koyarwa ruwan sanyi ce: ba ni ne na yi ba, wani abu ne a cikina. Shekara tara ya yi tare da su. Monika ta hana shi gidanta na ɗan lokaci, daga baya ta karɓe shi. Ta dami wani bishop da roƙo ya je ya yi masa magana. Bishop ɗin ya ƙi, ya ce yaron bai shirya ji ba tukuna, ya sallame ta da tabbacin cewa hawaye irin nata ba za su tafi a banza ba. Iyayenmu na zumuntar mata sun san wannan gefen labarin fiye da ni.

Shekarunsa na ashirin da wani abu sun tafi ne a koyarwa da ƙaura. Ya koyar a Tagaste, babban abokinsa ya mutu da zazzaɓi, garin ya yi masa baƙi ƙirin, ya koma Kartaj. Can ɗalibai marasa ɗa'a suka gundure shi. A 383 ya yanke shawarar tafiya Roma. Monika ta bi shi har bakin teku tana roƙo kada ya tafi. Ya yi mata ƙarya cewa aboki yake rakiya, ya lallashe ta ta kwana a wani ɗakin addu'a na tunawa da Sipiriyan mai shahada, da dare ya shiga jirgin ruwa ya gudu. Shekararsa ashirin da takwas, malami, uban ɗa, amma bai iya duban idon uwarsa ya ce zan tafi ba. A Roma ya yi ciwo kamar zai mutu. Da ya warke ya tarar ɗaliban can suna da tasu dabarar, in lokacin biyan kuɗi ya yi sai su koma wurin wani malami.

Sa'an nan ƙofa ta buɗe. A 384 Simmakus, gwamnan birnin Roma, ya zaɓe shi ya zama malamin balaga na birnin Milan, inda fadar sarki Balentiniyan na Biyu take. Ɗan ƙauye daga Afirka, bai cika talatin ba, ya kai inda mutane suke mafarki. Da a yau ne, hotonsa za a yi ta yaɗawa ana cewa Allah ya yi. Wata rana yana tafe da abokansa, zuciyarsa na dukan uku-uku saboda jawabin yabon sarki da zai gabatar, jawabin da ya san cike yake da ƙarya, masu sauraro ma sun sani. Sai suka wuce wani mabaraci da ya sha ya bugu yana ta dariya. Agustin ya yi ajiyar zuciya. Ya ga cewa abin da yake wahala a kai shekara da shekaru, ɗan kwanciyar rai, mutumin nan ya saye shi da 'yan kwabbai. Ya san murnar mashayi ba ta gaskiya ba ce, amma tasa ma ba ta gaskiya ba ce, kuma ta fi tsada. Ɗan'uwan da ya tambaye ni yana ganin aiki ne zai sa ya ji ya girma. Ina yi masa addu'ar aiki da zuciya ɗaya, rashin aiki ba abin wasa ba ne. Sai dai ga wanda ya samu aikin, tambayar ta bi shi har ofis.

Yanzu mun zo wurin da ba a cika wa'azi a kai ba. Monika ta iso Milan a 385, ta shiga nema masa auren da ya dace da matsayinsa. Shi ma yana hangen kujerar gwamna, kuma wannan na bukatar mata mai dukiya. Aka samu yarinya daga gidan masu hali, saura shekara biyu ta kai shekarun aure bisa dokar Romawa. Sharaɗin shi ne a kori uwar Adeodatus. Matar da ta zauna da shi kusan shekara goma sha biyar, wadda shi da kansa ya shaida bai nemi wata ba a tsawon zamansu, aka sa ta a jirgi zuwa Afirka, ta bar ɗanta a baya. Ta yi wa'adi ga Allah ba za ta ƙara sanin wani namiji ba. Shi kuwa bai iya jiran shekara biyun ba, ya ɗauki wata. Ya rubuta cewa rabuwar ta yage masa zuciya har da jini, ya kuma yarda matar ta fi shi ƙarfin hali. Amma a dukan rubuce-rubucensa bai ambaci sunanta ba ko sau ɗaya. Masana suna cewa wataƙila don ya rufa mata asiri ne. Mai yiwuwa. Ni dai ba zan wanke shi ba, ba zan wanke Monika ba duk da yawan addu'arta. An zalunci matar nan saboda muƙami. 'Yan'uwa maza, akwai waɗanda suke tafiya da yarinya shekara biyar, shida, ta ci wahala tare da su, ranar da albashi ya fara shiga sai a ce ba ta dace ba. Wannan ɗabi'a ta girmi kakanninmu, kuma tsufanta bai mai da ita daidai ba.

A Milan ne ya fara zuwa jin wa'azin Bishop Ambros. Da farko salon maganar yake aunawa, irin na gwani yana duban gwani. A hankali abin da ake faɗa ya fara shiga. Ambros ya nuna masa yadda ake karanta Tsohon Alkawari, wuraren da mabiyan Mani suke yi wa ba'a. Littattafan masu bin falsafar Aflatun suka taimake shi ya gane cewa mugunta ba wani iko ba ne da ke tsaye daidai da Allah, lalacewar abu mai kyau ce, kuma daga nufin mutum take fitowa. Hujjojinsa suka ƙare ɗaya bayan ɗaya. Abin da ya rage shi ne ya sani amma ba ya so. Ya tuna tun yana saurayi yakan roƙi Allah tsarkin jiki, yana ƙarawa da cewa a ɗan jinkirta. Yawancinmu mun yi wannan addu'a, ba mu dai furta ƙarshenta da baki ba.

A damina ta 386 wani ma'aikacin fada ɗan Afirka mai suna Pontisiyanus ya ziyarce shi, ya ga wasiƙun Manzo Bulus a kan tebur, hira ta kai ga labarin Antoni na Masar wanda ya bar dukiyarsa ya shiga jeji don Almasihu, da wasu ma'aikatan sarki biyu da suka ajiye aiki bayan sun karanta tarihinsa. Da baƙon ya tafi, Agustin ya fita lambu a rikice, abokinsa Alipiyus na biye da shi. Ya faɗi ƙarƙashin itacen ɓaure yana kuka. Sai ya ji muryar yaro daga maƙwabta tana maimaita cewa ya ɗauka ya karanta. Ya koma ya buɗe littafin, idonsa ya sauka a kan Romawa 13:13-14. Ku buɗe ku karanta da kanku. Bai wuce ayoyin nan ba. Ya bar aikinsa da hutun girbin inabi, ya fasa auren, ya koma wani gidan gona a Kasisiyakum tare da mahaifiyarsa da ɗansa da abokai. A daren Ista, Afrilu 387, Ambros ya yi masa baftisma tare da Adeodatus da Alipiyus. Shekararsa talatin da biyu.

Yawancin masu ba da labarin a nan suke tsayawa, a tafa, a yi waƙa. Ni kuwa abin da ya biyo baya ne ya riƙe ni a wannan karatun. A cikin shekarar nan Monika ta mutu a Ostiya, bakin teku kusa da Roma, suna jiran jirgin komawa gida, tana da shekara hamsin da shida. Ta daɗe da tanadar kabari kusa da mijinta a Tagaste, amma a ƙarshe ta ce wa 'ya'yanta su binne ta ko'ina. Ya koma Afirka a 388. Ba a daɗe ba Adeodatus ya mutu, bai kai ashirin ba, yaron da basirarsa take ba uban tsoro. Cikin 'yan shekaru bayan tubarsa ya rasa uwa da ɗa. Wanda ya gaya muku cewa karɓar Yesu yana rufe ƙofar makoki, ku tambaye shi inda ya karanta.

Shirinsa shi ne ya zauna a Tagaste da 'yan abokai, su yi addu'a da karatu da rubutu, ba hayaniya. Har yana guje wa garuruwan da ba su da bishop, don kada a kama shi. A 391 ya je Hippo, garin da ake kira Annaba yau, yana ganin babu haɗari tun da suna da bishop, tsoho Baleriyus. Yana tsaye cikin jama'a a majami'a sai tsohon ya ce yana bukatar mataimaki. Jama'a suka cafke Agustin suka tura shi gaba. Ya fashe da kuka. Wasu suka ɗauka ya raina muƙamin firist ne, suka riƙa ba shi haƙuri cewa bishop na nan tafe. Shi kuwa nauyin yake gani. Abu na farko da ya roƙa shi ne a ba shi ɗan lokaci ya karanta Littafi Mai Tsarki, domin ya gane bai san shi yadda mai kiwon mutane ya kamata ya sani ba. Wajen 395 aka naɗa shi bishop, ya zauna a garin har mutuwarsa.

A ganina a nan ne ya girma, kuma ba a rana ɗaya ba. Mutumin da ya yi jawabi a gaban sarki ya koma yi wa masunta da manoma da 'yan kasuwa wa'azi da kalmomin da za su gane. Yakan zauna tun safe yana sauraron ƙararraki na gado da bashi da iyakar gona, wani lokaci har yini bai ci abinci ba. Ba aikin da yake so ba ne, ya sha faɗin haka, amma ya yi shi fiye da shekara talatin. Duk fasto ya san wannan zama. Ka shirya za ka yi nazari, sai a yi sallama, mata da miji sun yi faɗa a kan kuɗin cefane.

Littafin furcin nasa kashi goma sha uku ne. A kashi na goma ya bar labarin da, ya juya ga halin da yake ciki a matsayin bishop. Ya ce har yanzu mafarkai na sha'awa suna zuwar masa. Ya ce a wurin cin abinci ba ya gane inda bukata ta ƙare kwaɗayi ya fara. Ya ce yana son yabo, kuma bai san iyakar yadda yabon yake tuƙa shi ba. Shugaban ikkilisiya ne yake rubuta wannan, abokan gabansa na raye suna neman abin kamawa. Na gwada tunanin in tsaya gaban dattawan ikkilisiyarmu in karanta irin wannan a kaina, gabana ya faɗi.

Bai daina kuskure ba kuma. A rikicin ikkilisiya da mabiyan Donatus, da farko ya ce a jawo su da magana kawai, daga baya ya goyi bayan hukuma ta tilasta musu da tara da ƙwace majami'u. Waɗanda suka tsananta wa mutane da sunan Almasihu a ƙarnukan baya sun jingina da hujjojinsa. Mu da muka san ɗacin tilas a kan addini ba za mu ce ya yi daidai ba. Akwai kuma wani saurayi, Antoninus, da ya tashi a hannunsa. Agustin ya yi gaggawar sa a naɗa shi bishop na ƙauyen Fusala yana ɗan ashirin da kaɗan, yaron ya shiga ƙwace kayan talakawa. A wasiƙar da ya aika wa Selestin, bishop na Roma, Agustin ya ɗauki laifin a kansa, har ya ce yana tunanin ajiye aiki. Yana dab da saba'in a lokacin. Yaron da ya shekara tara yana cewa duhu ne ya yi, ya zama tsohon da yake cewa ni ne na yi.

Bayan da Alarik ya ci birnin Roma a 410, mutane suka ce barin allolin kakanni ne ya jawo. Ya amsa da littafin Birnin Allah, kashi ashirin da biyu, wanda ya ɗauke shi daga 413 zuwa 426. Da ya gama, yana ɗan saba'in da biyu, ya zauna ya bi littattafansa casa'in da uku ɗaya bayan ɗaya, yana nuna inda ya yi kuskure da inda zai faɗi magana dabam in da yau ne. A shekarar 426 ɗin ya gabatar wa jama'a wanda zai gaje shi, Irakliyus, ya miƙa masa yawancin aikin yau da kullum.

A 429 mayaƙan Bandal suka haye daga Sifen zuwa Afirka ƙarƙashin sarkinsu Gaiserik, suna ƙone garuruwa da majami'u. Wasu limaman ikkilisiya suka tambaye shi ko su gudu. Ya ce muddin akwai sauran jama'a da ke bukatar hidima, makiyayi ya zauna. Shi ma ya zauna. Aka kewaye Hippo da yaƙi a 430, garin cike da 'yan gudun hijira. A wata na uku zazzaɓi ya kwantar da shi. Abokinsa Posidiyus, bishop na Kalama, wanda yake tare da shi kuma ya rubuta tarihinsa, ya ce ya sa an rubuta masa Zaburan tuba na Dawuda an manna a bango daidai gadonsa. Kwana goma na ƙarshe ya roƙa kada kowa ya shigo sai mai magani da mai kawo abinci. Yana kwance yana karantawa yana kuka. Ya mutu ran 28 ga Agusta, 430, yana da shekara saba'in da biyar. Bai bar wasiyya ba, domin ba shi da abin rabawa. Umarnin da ya sha nanatawa shi ne a kiyaye ɗakin littattafan ikkilisiya saboda masu zuwa. Garin ya faɗi hannun Bandal daga baya, littattafan kuwa suka tsira.